Mai Tuƙi Ya Kamata Ya Sani

Yawancinmu a nan Dutsin-Ma da Kurfi mun san Kano, wani ta dalilin karatu, wani ta dalilin sarin kaya a Kantin Kwari. Amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa jin cewa an yi zamanin da ake magana da 'yan sama jannati daga Kano. A farkon shekarun 1960, Najeriya ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, hukumar sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta kafa tashoshi 18 a kewayen duniya, wasu ma a kan jiragen ruwa, domin bin sawun kumbon da za ta harba da mutum a ciki. Ɗaya tana Zanzibar, ɗaya tana Kano. Aikin tashar shi ne ta saurari kumbon in ya zo wucewa, ta karɓi bayanan da na'urorinsa ke aikowa, ta yi magana da mutumin da ke ciki, sannan ta tura duk abin da ta ji zuwa Amurka.

Mutum na farko da tashar ta ji muryarsa daga sama shi ne John Glenn, ranar Talata 20 ga Fabrairu 1962. Shekarunsa 40 a lokacin. Matuƙin jirgin yaƙi ne wanda ya ga Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga Yaƙin Koriya, kuma yana cikin mutum 7 da aka zaɓa a 1959 domin wannan aiki. Ɗan ikkilisiyar Firesbiteriyan ne, ya koyar a makarantar Lahadi, ya kuma yi dattijon ikkilisiya. Rasha ta riga ta sha gaban Amurka, domin Yuri Gagarin ya kewaya duniya tun 12 ga Afrilu 1961, su kuwa Amurkawa iyakar abin da suka yi shi ne su cilla mutum sama ya dawo bayan minti 15, sau biyu. Rokar da za ta ɗauki Glenn, mai suna Atlas, ta sha tarwatsewa a wajen gwaji. An yi ta ɗage tafiyar, yau gajimare, gobe matsalar tankin mai. Ranar 27 ga Janairu ya kwanta a ɗaure cikin kumbon sama da awa 5, sannan aka ce ya fito, ba yau ba.

Akwai abin da ya yi kafin tashi wanda ya nuna halinsa. Kwamfuta ce ta lissafa hanyar da kumbon zai bi, a lokacin kuwa kwamfuta baƙuwa ce, ba kowa ya yarda da ita ba. Glenn ya nemi a kai lissafin wurin Katherine Johnson, wata baƙar fata gwanar lissafi da ke aiki a NASA, ta sake bi da kanta. Ya ce in ta ce daidai ne, to ya shirya. Kwana ɗaya da rabi ta yi tana bi, lissafinta ya zo ɗaya da na kwamfuta. Mutum ne mai son sanin ainihin halin da yake ciki kafin ya sa ƙafa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An harba shi daga Filorida da ƙarfe 9:47 na safe agogon can, wato 3:47 na yamma a nan. Bayan kamar minti 20 ya haye Tekun Atlantika, yana saman Afirka ta Yamma. Gudunsa ya kai wajen kilomita 28,000 a awa ɗaya, wato tafiyar Dutsin-Ma zuwa Katsina, wadda muke biyan kuɗin mota muna jiran a cika, ba za ta ɗauke shi daƙiƙa 10 ba. Ba wani nisa ya yi da ƙasa ba kamar yadda muke zato: inda ya fi yin ƙasa kilomita 160 ne, bai ma kai hanyar Katsina zuwa Kano ba. Watan Fabrairu ne, mun san abin da wannan ke nufi a wajenmu, ƙarshen hunturu, leɓe ya tsage, hazo ya rufe gari har rana ta koma kamar faranti. Da ya leƙa ta taga sai ya ba da rahoto cewa yana hango ƙura tana tashi a hamada, har ƙasa ba ta ganuwa sosai a wasu wurare. Mai magana daga Kano ya tabbatar masa cewa haka ne, ƙurar ce ta lulluɓe su. Kakanninmu suna can da la'asar ɗin nan a Kurfi, wani na koro awaki, wata na sussukar gero, ba su san wani yana saman hazonsu yana ba da labarinsa ba.

Kowace tasha 'yan mintuna kawai take samu kafin kumbon ya wuce, sai ta gaba ta karɓa. Abin da zai burge wanda ya bi zancen da aka yi a wannan tafiya shi ne yadda Glenn bai riƙe komai a ciki ba. Yawan man da ya rage, zafin ɗaki, yadda jikinsa yake ji, duk yana faɗa. Da ya wuce saman Ostireliya cikin dare ya ga haske, ya faɗa, aka ce masa mutanen birnin Perth ne suka kunna masa fitilu, ya ce a yi musu godiya. Da gari ya waye masa a saman Tekun Fasifik ya ga dubban ƙananan abubuwa masu ƙyalli suna yawo a gefen kumbon kamar makesu. Wani zai yi shiru don kada likitoci su ce kansa ya taɓu. Shi ya faɗa, ya kuma bayyana su dalla-dalla. Sai a watan Mayu, da Scott Carpenter ya je nasa zagayen ya bubbuga bangon kumbo ya ga suna tashi, aka gane ƙanƙara ce da ke manne a jikin kumbon. A ƙarshen zagayen farko na'urar da ke daidaita kumbon da kanta ta fara karkata, nan take ya sanar, ya karɓi tuƙin da hannunsa.

Wato daga sama zuwa ƙasa gaskiya tana sauka ba tangarɗa. Daga ƙasa zuwa sama ne aka samu cikas.

Yana shiga zagaye na biyu sai wata alama ta bayyana a allon masu lura a Filorida. Abin da alamar ke nufi shi ne garkuwar da ke ƙasan kumbon ta kwance. Wannan garkuwa ita ce rai. In kumbo zai dawo, gogayyarsa da iska tana haifar da zafin da ya wuce digiri 1,600, garkuwar ce ke shanye shi. An yi ta yadda sai an kusa faɗawa ruwa za ta saki, ta buɗe wata jakar iska da ke rage ƙarfin faɗuwa. In har ta saki tun a sama, to kumbon da mutumin da ke ciki toka za su zama. Shugaban masu lura, Chris Kraft, yana ganin alamar ƙarya ce, makunni ne ya lalace. Wasu suka ce ba za a yi caca da ran mutum ba. Akwai ƙunshin ƙananan rokoki uku na birki da ake ɗaurewa da madauri a kan garkuwar, waɗanda ake yarwa bayan sun gama aiki. Suka ce a bar ƙunshin, ko madaurinsa ya riƙe garkuwar har iska ta danne ta. Walter Williams, wanda ke sama da Kraft, ya yanke hukunci a bar shi. An kuma umarci dukan tashoshi su sa ido kan alamar.

Duk wannan muhawara ana yin ta, mai rai ɗaya da abin ya shafa ba a gaya masa ba. Sai dai tambayoyi. Wannan tasha ta ce ya tabbata makunnin jakar sauka a kashe yake. Ta gaba ta tambaye shi ko yana jin wani abu na bugawa. Wata ta ce ya murɗa makunnin ya ga ko fitila za ta kama. Mutumin da ya yi shekaru yana gwajin jirage ba yaro ba ne, ya fara haɗa ɗaya da biyu. Da aka ce masa daga tashar Texas kada ya yar da ƙunshin rokokin, ya tambaya mene ne dalili. Aka ce hukuncin shugabannin Filorida ne. Sai da ya rage 'yan mintuna ya shiga iska, sannan abokinsa Alan Shepard ya faɗa masa a fili cewa ba su da tabbas ko garkuwar tana nan daram.

Daga nan magana ta yanke. Haka abin yake ga kowane kumbo: zafin yana mai da iskar da ke kewaye da shi wani irin bargo da rediyo ba ya ratsawa. Sama da minti 4 ba mai jin wani. Glenn yana tuƙi da hannu, yana ganin gutsattsarin ƙarfe masu ci da wuta suna wuce tagarsa, bai san ko ƙunshin rokokin ne ke ƙonewa ko garkuwar ce ke wargajewa ba. Ƙunshin ne. Ya faɗa Tekun Atlantika lafiya bayan awa 4 da minti 55, zagaye uku, jirgin ruwan yaƙi mai suna Noa ya tsamo shi. Da aka bincika, Kraft ne ke da gaskiya, makunni ne ya lalace, garkuwar ba ta taɓa motsi ba.

An yi biki, an yi jerin gwano a New York, amma Glenn bai bar maganar ta wuce ba. Ya nuna bai ji daɗin yadda aka bar shi cikin duhu ba, ya ce mai tuƙi ya kamata a faɗa masa abin da ake gani a ƙasa game da kumbonsa. Wannan ƙorafi nasa shi ya sa muka ɗauko labarin, domin ya taɓa wani abu da muka taso muka tarar a gidajenmu.

Mun san yadda ake yi. Yaro yana makaranta a Zariya ko Jos, ko yana bautar ƙasa a kudu, ko yana aikin gini a Abuja. Baba ya kwanta ciwo. Sai a yi taron gida a ce kada wanda ya gaya masa, kada a tayar masa da hankali. In ya kira ya ce a ba shi Baba, a ce yana barci, ko ya fita gona. In jiki ya yi tsanani a ce masa, "Ka zo gida, Baba na son ganinka," alhali an riga an dawo daga maƙabarta. Akwai 'yar'uwa a cikin zumuntarmu da mahaifiyarta ta rasu tana tsakiyar jarabawar ƙarshe a wata jami'a mai nisa. Aka rufe maganar mako biyu. Ta gama, ta shiga kasuwa da ɗan abin da ya rage mata ta sayi turmin atamfa, ta hau mota da murna. A bakin ƙofa ta ga tabarmi da kujerun gaisuwa ba a gama kwashewa ba. Shekaru sun wuce, ta samu takardarta, tana aiki. Amma har yau in ta kira gida aka ce kowa lafiya, sai ta sake kiran maƙwabta ta tambaya.

Ba mugunta ke sa iyayenmu yin haka ba, kuma bai kamata mu yi magana kamar mun fi su tausayi ba. Kara ce, da ƙauna, da lissafi irin na wanda ya sayar da buhunan dawa ya biya kuɗin makaranta, ba ya so shekara huɗu ta zube saboda mako biyu. Wani dattijo ya ba mu hujjar da ta fi wannan nauyi. Ya ce, "'Ya'yana, in kun gaya mata da yamma, da yamman za ta hau mota. Wa zai hana ta? Ku kun san hanyoyin nan bayan magariba." Gaskiya ya faɗa. Duk wanda ke zaune tsakanin Kurfi, Safana, Ɗanmusa da Ƙanƙara ya san ba kowane lokaci ake bin hanya ba, mun kuma san gidajen da gawa ɗaya ta zama biyu, ko makoki ya koma neman kuɗin fansa. Mutanen Filorida ma suna da irin wannan hujja. Ba su da tabbas, ba abin da Glenn zai iya yi ya gyara garkuwa daga ciki, to mene ne amfanin a ɗora masa tsoro?

Duk da haka muna ganin Glenn ne ya fi gaskiya, ga kuma dalilinmu. Na farko, ɓoyon bai ɓoyu ba. Tambayoyin da ake masa sun riga sun gaya masa akwai matsala, abin da aka hana shi kawai shi ne sanin girmanta da sunanta. Tsoron da ba shi da suna kuwa ya fi cin rai. Ku tuna da Sarki Dawuda a Sama'ila ta Biyu sura 12, sa'ad da jaririnsa ya mutu fadawansa suka ji tsoron faɗa masa. Raɗar da suke yi a gefe ita ta sanar da shi. Da ya tambaya suka amsa, abin da suke tsoro bai faru ba: tashi ya yi ya yi wanka, ya shiga sujada, ya dawo ya ci abinci. Sun auna ƙarfinsa da mudun tsoronsu. Ɗalibin da ya kira gida sau uku aka ce Baba na barci, muryar Mama kuma ta canja, ya riga ya sani. Zai shiga ɗakin jarabawa da rabin labari, wanda ya fi cikakken nauyi, ba kuma wanda zai yi kuka a kafaɗarsa domin a hukumance babu abin da ya faru.

A zamanin nan ma abin ya ƙara lalacewa. Dā wasiƙa ce, sai wanda aka aika ya kai. Yanzu gida na shawarar a rufe, wani ɗan ƙanen maƙwabci ya riga ya ɗora hoton mamaci a WhatsApp da kyandir a gefe. Yarinya tana cin abinci a ɗakin kwanan ɗalibai ta ga fuskar mahaifinta a wayar ƙawarta. Zaɓin da ya rage wa gida yanzu shi ne ta ji daga bakin wanda ke ƙaunarta, ko ta tsinta a allo. (Mu ma masu saurin ɗora hoto da rubuta ta'aziyya, a tambaya tukuna ko 'ya'yan gidan sun ji. Minti 30 na haƙuri ba ya rage ladan gaisuwa.)

Na biyu, hannun da ke kan sitiyari nasa ne. Barin ƙunshin rokokin ya canja wa Glenn aiki: wasu abubuwan da na'ura za ta yi da kanta sai da ya yi su da hannu, a lokacin da kuskure ɗaya ya isa. An canja masa aiki ba a gaya masa dalili ba. Kuma kowa ya san minti 4 na shiru suna zuwa, lokacin da duk masanan Filorida ba za su iya ce masa uffan ba, shi kaɗai zai yanke hukunci da abin da ya sani. Wanda zai kasance shi kaɗai a lokacin wuta, shi ya fi kowa bukatar labari kafin wutar. Shekara 8 bayan haka, a Afrilu 1970, tankin iska ya fashe a kumbon Apollo 13 a hanyar zuwa wata. A wannan karon na sama da na ƙasa tare suka yi ta warware matsalar, har mutanen ƙasa suka karanta musu yadda za su haɗa matatar iska da leda da kwali da salatif, suka haɗa, suka dawo da rai su uku. Wanda ya san halin da ake ciki hannunsa yana da amfani. Ɗan da aka gaya wa Baba ba lafiya zai iya turo dubu biyar ɗin da ke hannunsa, zai iya tuna wata ma'aikaciyar jinya da ya sani a Katsina, zai iya durƙusawa ya yi addu'a a kan abin da ke akwai. Zai iya cewa a kara wa Baba waya a kunne ya nemi gafara, ko ya ji albarka ta ƙarshe. Wannan kuwa in ya wuce, ba takardar digiri da za ta maido shi.

Hujjar dattijon nan game da hanya ba ta faɗi ba, amma abin da take nema shi ne a san yadda za a faɗa. Filorida za ta iya cewa tun farko: ga alamar da muke gani, muna zaton ƙarya ce, ga shawararmu. Gida ma zai iya kiran faston da ke garin da yarinyar take, ko shugabar zumuntar ɗalibai, a ce su je su zauna da ita da safe, a faɗa mata suna wurin, a ce kada ta taso sai gobe da hantsi, ga wanda zai rako ta. In jarabawa ta rage kwana ɗaya, a jira kwana ɗayan, wannan jinkiri ne. Mako biyu na "kowa lafiya" wani abu ne dabam. A nan ne mu matasa muke da aiki, domin mu ke da lambobin juna a kusan kowane gari da ke da makaranta. Tashar Kano ba ta harba roka ba, ba ta tsamo kowa daga teku ba. Ta kasance a wurinta ne sa'ad da mutum ya zo wucewa, ta amsa.

Mu a wannan yanki mun ɗanɗani shirun da ba mu muka zaɓa ba. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, sai wajen Disamba aka fara buɗewa. Mun tuna yadda mutum zai biya kuɗin mota zuwa inda akwai sabis don kawai ya ce wa ɗansa muna nan da rai, da yadda ake ba direba 'yar takarda kamar zamanin kakanni. Na nesa kuma suna jin labarin hari a rediyo, su kira, su kira, ba ta shiga. Waɗanda suka fi samun sauƙi a watannin nan su ne gidajen da dā ma ba a saba rufa-rufa ba. In saƙo ya iso ta hannun direba cewa lafiya, sun san lafiyar ce. Gidan da aka saba cewa lafiya a kan komai, kalmar ta riga ta zama fanko, ko ta iso ba ta kwantar da hankalin kowa.

Kada na nesa su ce wannan wa'azin na iyaye ne. Su ma suna da nasu. Akwai wanda aka sallama daga makaranta tun zangon bara, yana nan yana karɓar kuɗin makaranta daga gida domin bakinsa ya kasa furtawa. Akwai wanda ke kwana a shagon wani a Legas, hotonsa a Facebook kuwa jingine da motar da ba tasa ba. Akwai wadda maigidan da take wa aiki ya fara taɓa ta, in Mama ta kira sai ta ce aiki lafiya. Mun gane dalili, faɗin gaskiya yana da tsada. Shi kansa Alan Shepard, wanda ya faɗa wa Glenn gaskiya a ƙarshe, ya gamu da wannan. Wajen ƙarshen 1963 ya fara jin jiri da amai da ƙara a kunne. Ya san in likitoci suka ji, sun sauke shi. Ya ɗan yi ƙoƙarin rufewa, daga baya ya je ya faɗa da bakinsa. Aka kuwa sauke shi, ya yi shekaru yana aikin ofis yana kallon ƙannensa a aiki suna tashi. Sai da aka yi masa tiyata a kunne aka mai da shi, a Fabrairu 1971 ya taka wata yana da shekara 47. Da ya rufe, jirin ya kama shi a sama da wani a gefensa, da labarin ya zama na makoki. Ɗan'uwa, in an sallame ka, faɗan Baba na kwana uku ne, ko na wata uku. Kuɗin zango huɗu da ka karɓa a kan ƙarya, wannan shi ne abin da zai daɗe bai warke ba. In bakinka ya yi nauyi, nemi ɗaya daga cikinmu ya raka ka.

An tambayi Glenn bayan ya dawo ko ya yi addu'a a sama. Amsar da ya bayar ita ce bangaskiyarsa ba irin ta motar kashe gobara ba ce, wadda ake kira in wuta ta tashi sannan a mai da ita gareji. Ya daɗe da yin sulhu da Mahaliccinsa kafin ranar. Mun ga wannan ya yi daidai da sauran halinsa: layin da ake amfani da shi kullum, a faɗi ƙanana da manya, shi ne ke aiki ranar tsanani. Ya yi shekara 24 yana sanata daga jihar Ohio, ya nemi takarar shugaban ƙasa a 1984 bai samu ba. Ranar 29 ga Oktoba 1998 ya koma sama a kumbon Discovery yana da shekara 77, ya yi kwana 9, mutanen Perth suka sake kunna masa fitilu. Tashar Kano kuwa an daɗe da rufe ta. Daga can sama ya ce shi kam ba zai iya duban irin wannan halitta ya ƙi gaskata da Allah ba. Ya rasu 8 ga Disamba 2016 yana da shekara 95.

Mutumin da ya nace a faɗa masa komai, matarsa ta yi shekara 30 a gidansa magana tana yi mata wuya. Annie, wadda suka san juna tun suna jarirai, suka yi aure a 1943, tana da in'ina mai tsanani, wadda likitoci suka auna ta kai kashi 85 cikin 100. Ba ta iya kiran waya. In ta shiga tasi sai ta rubuta wa direba inda za ta. A ɗaya daga cikin ranakun da aka ɗage tashin mijinta, Mataimakin Shugaban Ƙasa Lyndon Johnson ya so ya shiga gidansu ya yi mata jaje, ga 'yan jarida cike da ƙofa. Ta ce ba ta so. Aka matsa wa Glenn ya lallashe ta, shi kuwa ya ɗauki waya ya ce mata in ba ta so kowa ya shigo, to ba mai shiga, yana bayanta, ko da hakan zai iya jawo masa rasa kujerarsa a kumbon. A 1973, tana da shekara 53, ta je wani horo na mako uku a jihar Bajiniya inda aka koya mata numfashi da furuci daga tushe. Da ta gama ta ɗauki waya da kanta ta kira shi, ta yi masa magana jimla bayan jimla, ya fashe da kuka. Glenn yakan ba da labari yana dariya cewa cikin abubuwan farko da ta gaya masa da bakinta ya buɗe, akwai wanda ta ce ta yi shekaru tana so ta faɗa: ya riƙa kwashe safarsa daga ƙasa.